Mataimakin Likita da Alhakin Kuskure a Mahangar Fiƙihu

Mataimakin likita ma'aikacin lafiya ne da aka horar ya duba marasa lafiya, ya gano cuta, ya rubuta magani a ƙasashen da doka ta ba shi dama, amma yana aiki ne ƙarƙashin kulawar cikakken likita. Wannan sana'a ta samo asali a Amurka a shekarar 1965, lokacin da Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jinya na rundunar sojan ruwa ya ba su horo na shekara biyu, domin rage ƙarancin likitoci. Rukunin farko ya kammala a 1967. A Gana ma akwai irin waɗannan ma'aikata tun ƙarshen shekarun 1960, kuma su ne ke riƙe da cibiyoyin lafiya da dama na karkara. Samuwarsu ta farfaɗo da wata tsohuwar tambaya ta addini da ɗa'a: wa ya halatta ya sa hannu a jikin maras lafiya, kuma idan aka yi kuskure, alhakin yana wuyan wa?

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna wannan mas'ala a babin lamunin likita. Tushenta hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora biyan ɓarna a kan duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba. Abin da hadisin ya rataya hukunci a kansa shi ne a san mutum da ilimin abin da yake yi. Hukumomi sun bi wannan fahimta tun da daɗewa. A shekarar 931, bayan wani maras lafiya ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umurci Sinan bin Sabit ya jarraba masu aikin likitanci, kuma aka riƙa ba kowa izini a fannin da ya nuna ƙwarewa kaɗai. Lasisin da mataimakin likita ke samu a yau bayan jarrabawa, tare da iyakar da aka shata masa, yana kan wannan turba.

Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa masu magani kashi biyar. Ƙwararren da aka ba izini, ya yi aiki yadda ya kamata, amma duk da haka cutarwa ta auku, babu biya a kansa. Ƙwararren da hannunsa ya goce, da wanda ya yi kuskure wajen zaɓen magani, kashi biyu ke nan, akwai diyya, sai dai an yi saɓani kan wanda zai biya ta, ko dangi ko baitulmali. Ƙwararren da ya yi aiki ba da izinin maras lafiya ko waliyyinsa ba, shi ma ana iya kama shi da biya. Sai kuma jahili, wanda hukuncinsa ya danganta da abin da maras lafiya ya sani game da shi: idan an bar maras lafiya yana zaton likita ne yake gabansa, to mai maganin ya ɗauki lamuni. Mataimakin likita ƙwararre ne a cikin iyakarsa, amma da zarar ya tsallake ta, hukuncin wanda bai sani ba ya hau kansa a wannan aikin.

Daga nan ne batun bayyana kai ya zama wajibi. Izinin maras lafiya ba ya inganta sai ya san wanda yake ba wa izinin. An ga muhimmancin haka a Ingila a 2022, inda wata mata mai shekara 30 ta rasu sakamakon gudan jini da ya toshe mata jijiyar huhu, bayan mataimakin likita ya duba ta sau biyu tana kukan ciwon ƙafa da haki, ba a gano cutar ba, ita kuwa tana zaton likita ta gani. Lamarin ya ta da muhawara, kuma binciken da gwamnati ta sa Farfesa Gillian Leng ta jagoranta ya ba da shawara a 2025 cewa a sauya sunan ma'aikatan zuwa wanda ke nuna mataimaka ne a fili, kuma kada su zama farkon masu duba wanda ba a riga an tantance ciwonsa ba. A mizanin fiƙihu, yin shiru a kan ruɗun maras lafiya wani nau'i ne na algus, ko da ba a furta ƙarya ba.

Akwai kuma hujja mai ƙarfi a ɓangaren barin mataimaki ya yi aiki. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato idan al'umma ta rasa mai yi, kowa ya yi laifi. A garin da likita mafi kusa yake nisan tafiyar yini, hana mataimaki duba masu zazzaɓin cizon sauro, hawan jini da ciwon suga yana nufin barin su a hannun mai sayar da magani a tasha. Ƙa'idar fiƙihu ta yarda a ɗauki ƙaramar cuta don kauce wa babba, kuma Bahaushe ma ya ce da babu gara ba daɗi. Sai dai malamai sun gindaya sharaɗi cewa lalura ana auna ta gwargwadon girmanta. Inda akwai motar da za ta kai mai naƙuda babban asibiti, ko wayar da za a tuntuɓi likita, lalura ba ta ba mataimaki damar yin abin da ba a koya masa ba.

Saboda haka babbar ɗabi'ar da wannan aiki ke buƙata ita ce sanin inda ilimin mutum ya tsaya. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Mataimakin da ya ga ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa guda da bai gane kansa ba, ya tura maras lafiya gaba, ya sauke amanar da ke kansa. Wahalar ita ce kuskure mafi haɗari yakan faru ne inda ma'aikaci bai ma san akwai abin da ya ɓace masa ba, ya ɗauki babbar cuta a matsayin ƙarama. Wannan ne dalilin da ya sa kulawar likita ba za ta tsaya a sa hannu kan takarda ba.

Nauyin kuskure, ke nan, yana rabuwa gwargwadon ikon kowa. Mataimaki yana ɗaukar alhakin abin da ya aikata da abin da ya ɓoye, domin umurnin na sama ba ya wanke wanda ya san aikin ya fi ƙarfinsa. Likitan da ya karɓi kulawa sannan ya yi sakaci da bibiya yana da nasa kason. Hukumar asibitin da ta ajiye mataimaki shi kaɗai a ɗakin gaggawa don rage kashe kuɗi ita ma tana ciki, domin ita ce musabbabi. Ra'ayin malaman da suka ɗora diyyar kuskuren ƙwararre a kan baitulmali ya nuna sun fahimci cewa al'ummar da ke cin gajiyar masu magani tana da rabo a cikin asarar da aikinsu kan jawo, kuma inshorar kuskuren aiki da asibitoci ke yi a yau tana cike irin wannan gurbi.