Masu Neman Duhu

Ɗan'uwa, kafin hannunka ya kai ga waya da asubar nan, ɗan dakata mu yi tunani a kan masu ɗaukar hoton taurari. Tsadar kyamara ba ta dame su kamar tsadar duhu ba. Duhun suke bi gari ya gari, daji ya daji, kuma kullum ƙara wuya yake.

A 2001 wani mai nazarin taurari ɗan Amurka, John Bortle, ya tsara ma'aunin duhun sama mai mataki 9. Na 9 shi ne tsakiyar babban birni, inda ido ba ya samun komai sai wata da 'yan taurari ƙalilan. Na 1 kuwa sai can inda babu fitila kusa ko nesa, har farar hanyar taurarin nan da ta ratsa sama takan yi wa mutum inuwa a ƙasa. Mai hoto yakan buɗe taswirar dare da aka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, ya laluba inda ya fi baƙi, ya kama hanya. Fita bayan gari kaɗai ba ta isa ba, domin hasken birni yakan taru a sama ya bi mutum tafiya mai nisa. Sai kuma ya lissafa kwanan wata, ya jira ƙarshensa, tunda farin wata yana shafe ƙananan taurari. A ƙasarmu akwai ƙarin hazon hunturu, wanda kan toshe sama ko da babu fitila ko ɗaya. Daren da ruwa ya ɗauke ya wanke iska ya fi.

Duk wannan wahala, taurarin ba su gusa ko'ina ba. Kaza da 'ya'yanta tana bisa Kano kamar yadda take bisa hamadar Tenere. Abin da ya dusashe ta fitilu ne da muka kunna da hannunmu, kuma yawancinsu don amfani aka kunna su. Nan ne zancen ya zo kanmu. Mutum yakan ce ya daɗe bai ji daɗin ibada ba, addu'arsa ta bushe, kamar Allah ya yi masa nisa. Sai ya ƙaro wa'azi a waya, ya ƙaro karatu, ya shiga wani sabon zaure. Ba laifi ba ne, amma ƙarin fitila ne. Da wuya ya tambayi kansa wacce zai kashe.

Kada dai mu yi wa duhu kirarin da bai cancanta ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar nan daga inda suke zaune, ya kuma sa Chadi cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Mun san dalili: rashin lantarki ne, kuma matar da ta haihu da hasken tocila ba za ta yaba shi ba. Dajin da ya fi duhu a wajenmu ma sau da yawa shi ne wanda ba a shiga da dare. Ya bambanta da gandun NamibRand na Namibiya, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin wurin kare duhun sama, inda da gangan ake rufe fitilu ana karkatar da su ƙasa. Irin wannan duhun ake nufi: kaɗaicin da bawa ya zaɓa don Ubangijinsa. Wanda talauci ko rashi ya ƙaƙaba wa ɗan'uwa, namu ne mu kai masa haske.

Ko mai hoto ya isa wuri mai duhu, da sauran aiki. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallo ɗaya ga fuskar waya yana mayar da shi baya. Shi ya sa masu hoton ke riƙe jar fitila mai rauni. Kyamarar ma sai an kafa ta a kan ƙafa uku, a bar idonta buɗe daƙiƙa 15 ko 20 ba motsi, tana tara ɗan hasken da ke ɗigowa. Mu kuwa mukan ba Allah minti biyu, zuciya na rawa, saƙonni na shigowa, mu tashi muna cewa ba mu ga komai ba.

Ya Allah, ka nuna mana fitilar da ya kamata mu kashe yau, ka ba mu haƙurin zama har ido ya saba. Ka tsare matafiyan dare, ka kai haske gidajen da duhu ya zame musu dole. Amin.