Wa Ya Kamata Mu Kai Wa Damuwar Zuciya?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wasu na ganin cewa kai kukan zuciya wurin ɗan Adam raunin imani ne, suna kafa hujja da Annabi Yakubu (AS) wanda ya kai baƙin cikinsa ga Allah, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 86. Lalle Allah ne makoma. Amma mu tuna, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sauko daga kogon Hira yana makyarkyata, Nana Hadiza (RA) ta kwantar masa da hankali, sa'an nan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, domin shi ke da sanin al'amarin. Ashe neman shawara bai saɓa wa tawakkali ba. Abin dubawa shi ne: wurin wa?

Sharaɗi na farko amana. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa an ɗora masa amana. Duk wanda ka ji yana ba ka labarin asirin wani, naka ma gobe yana kasuwa.

Na biyu sauraro. Wanda ya yanke hukunci tun ba ka rufe baki ba, ko ya ce kishiya ce ko ɗan'uba, yana ƙara maka cuta ne, yana kuma yanke zumunta. Haka wanda ya nemi baƙin bunsuru, ko keɓewa da mace. Wannan boka ne, ko da ya naɗa rawani.

Na uku, ya san iyakar saninsa. Malam Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin ciki gida biyu: mai sananne dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wanda nasiha ke sassautawa, da wanda ke danne mutum ba dalili, tushensa a jiki, yana bukatar magani. Saboda haka, idan ɗan'uwa ya yi makwanni ba barci, ba ci, ya ƙaurace wa jama'a, ko yana zancen halaka kansa, a gaggauta kai shi asibiti, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen wannan aiki. Addu'a ba ta hana magani, magani bai hana addu'a.

Mu malamai wannan nauyi ya fi hawa. Limamin da ya ce "wannan ya fi ƙarfina, mu je wurin likita" bai rage darajarsa ba, amana ya sauke. Wanda ya riƙe majinyaci don kwaɗayin sadaka, zai amsa tambaya gobe kiyama.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya haɗa mu da amintattu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.