Ruwan da Ya Ƙetare Iyaka, Amanar Wa Ce?

A shekarar 1974 aka kammala dam ɗin Tiga, a 1992 kuma na Challawa ya biyo baya. Ba mai musun amfaninsu: birnin Kano na shan ruwansu, manoman rani na Kura da Kadawa na cin albarkacinsu. Sai dai kogin da aka datse bai ƙare a Kano ba. Yana gangarawa Haɗejiya, ya haɗu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, ya raba Najeriya da Nijar a wajajen Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Da ambaliyar damina ta ragu, fadamun Haɗejiya da Nguru suka tsuke. Ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai, wata gona ta nutse, wata ta bushe. Masunci a Nguru da mai noman tattasai a Diffa ba su zauna inda aka yanke shawarar ba. Kafin a kai ga lissafin injiniyoyi, akwai tambayar adalci: wa ke da haƙƙin yanke hukunci kan abin da amfaninsa ke wuri ɗaya, cutarwarsa kuma ke wani wurin?

Fiƙihu ya daɗe da taɓa wannan batu. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito hukuncin Manzon Allah (SAW) kan ruwan wasu kwaruruka na Madina: na sama ya tsare ruwa a gonarsa har ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Hukuncin bai hana na sama cin gajiyar kusancinsa ba, amma ya yanka masa iyaka da ma'aunin da kowa zai iya gani da idonsa. Kuma ba shi aka bar wa zaɓen ma'aunin ba, wanda ke da iko a kan su biyun ne ya sa shi. Abin da na fahimta daga nan shi ne, iko ya kamata ya kai daidai inda cutarwa take kaiwa. Rikicin mashigar shanu tsakanin ƙauyuka biyu na bulama ne da sarkin ruwa da arɗo, babu dalilin kai shi Abuja. Ranar buɗe ƙofar Tiga kuwa ta fi ƙarfin Kano ita kaɗai, tunda sakamakonta yana isa har Bosso a Nijar.

Matakan ikon ma akwai su. Tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suke tarayya a kai. A 2006 jihohi shida na Najeriya suka kafa asusun kula da kogin Yobe, a 2018 kuma gwamnonin yankin tafkin daga ƙasashe huɗu suka fara zama tare a Maiduguri. A nan mai suka yake da magana mai ƙarfi: yawan matakai yana narkar da alhaki. Kowa ya nuna na samansa ko na ƙasansa, hukumomi suna ƙaruwa, kacalla ma tana ƙaruwa. Wannan gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma malamai sun san wannan cuta a babin farilla ta kifaya, aikin da ke kan jama'a duka, wanda kowa ke iya zaton wani zai yi. Maganin da suka bayar shi ne shugaba ya ayyana mutum, daga nan aikin ya zama farilla a kansa shi kaɗai. Haka nan a sha'anin ruwa. Yarjejeniya sai ta faɗi yawan ruwan da za a saki, da watan da za a sake shi, da ofishin da zai amsa tambaya idan bai iso ba. Rushe matakan don komai ya koma hannu ɗaya ba zai kawo wannan ba, domin hannu ɗayan ne ya gina dam ɗin tun farko ba tare da jin ta bakin mutanen Gashuwa da ke ƙasan kogin ba.

Suka ta biyu ta fi zafi a yau, wato 'yancin ƙasa. A 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS, kuma mutane da yawa suna kallon duk wata hukuma da ke sama da ƙasa a matsayin ƙofar shigowar baƙi. Tarihin mulkin mallaka ya ba su hujja. To amma a dubi taswira. Najeriya ce ta sama a kogin Yobe, sai dai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin yana zuwa ne ta Chari da Logone, daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi, kuma a nan ita ce ta ƙasa. Ƙasar da ta ce ruwan da ke cikin iyakarta nata ne ita kaɗai ta miƙa wa maƙwabciyarta wannan hujjar ke nan. Mutanen tafkin ma ba su jira izini ba: da ruwa ya janye bayan farin shekarun 1970 da 1980, masunta daga Najeriya suka bi shi har Darak, sai da Kotun Duniya ta tabbatar wa Kamaru yankin a 2002.

Ma'aunin nan yana hawa kanmu mu ma. A taron Abuja na 2018 an goyi bayan shirin Transaqua, na janyo ruwa daga rassan kogin Kwango ta magudanar da za ta kai kilomita 2,400 don a cika tafkin. Buƙatar mutanen Baga da Bol na yankin tafkin ta gaske ce. Sai dai idan an yi haka, masuntan Kwango ne za su tsaya a matsayin da mutanen Nguru suka tsaya a 1974, kuma 'yan siyasar ƙasar da dama sun riga sun nuna adawa. Duk wanda ya yarda an tauye Diffa da aka datse ruwa ba da saninta ba, wajibi ne ya nemi a zauna da mutanen Kwango, a ji nawa za su iya bayarwa, kafin a haƙa ko taku ɗaya.