Kafin Mu Miƙa wa Yaro Kwandon Shara

A 'yan shekarun nan ana yawan maganar koya wa yaran firamare rarrabe shara: ɓawo da ganye da ragowar abinci gefe guda don a yi taki, roba da gwangwani da ƙarfe gefe guda don a sayar a sake narka su, abin da ya rage kuma shi ma wurinsa daban. Duk wanda ya ji zai ce abu ne mai kyau. Sai dai akwai tambayar da ta hau kanmu mu manya kafin mu miƙa wa ɗan aji uku kwando: shin adalci ne mu sa yaro gyaran ɓarnar da ba shi ya yi ba? Bai ƙera leda ba, bai kawo ta kasuwa ba, tashi ya yi ya tarar da ita a ƙofar gidansu.

Mu ɗauki garin Gubuchi da ke ƙaramar hukumar Maƙarfi a matsayin misali. Ƙasar rake ce, kuma maƙwabtanta na Kudan da Ikara sun yi suna wajen tumatir da barkono da masara. Idan aka share filin makaranta a irin wannan gari bayan an tashi tara, me tsintsiya za ta tattaro? Ɓawon rake, ɓawon gyaɗa, ƙwallon mangwaro, totuwar masara, busasshen ganye. Duk waɗannan daga ƙasa suka fito, kuma ƙasa za ta karɓe su. Kakanninmu sun san haka ba tare da an rubuta musu a allo ba. Kowane gida da jujinsa, inda ake zuba toka da shara da kashin awaki, idan bazara ta yi a cika mangala a ɗora wa jaki sai gona. A Kano ma, jakunan da ke shigar da itace birni da takin birni suke komawa ƙauye. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero, ya nuna cewa wannan taki yana daga cikin abin da ya sa gonakin kewayen Kano suke ba da amfani kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. A lokacin babu mai wahalar rarrabe shara, domin kusan komai ruɓewa yake yi. Ƙwarya da faifai da kwando in sun tsufa, ƙasa suke komawa.

Leda ce ta lalata wannan tsari. Tun daga shekarun 1990 da ruwan leda ya bazu, har ya zama ƙosai da koko da manja da magi duk a leda ake ƙulla su, jujinmu ya gauraye. Manomi ya kai taki gona, iska ta taso, sai ka ga ledoji na kaɗawa a kan kunya. Mahauta suna ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya da saniya. Damina ta zo, kwata ta toshe. Rani ya zo, a cinna wa bola wuta, hayaƙin ya shiga ƙirjin tsoho da jariri. Sunan bai canza ba, har yanzu shara muke cewa, amma yanzu kalmar ta ƙunshi abubuwa biyu: wanda ƙasa ke ci da wanda ba ta ci. Idan muka koya wa yaro ya raba su, juji muke mayarwa yadda yake a da, a daidai lokacin da kuɗin buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi.

To amma tambayar adalci tana nan. Wanda ya ce nauyin na hukuma ne da masu masana'antu yana da hujja. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas kuma ta hana robar kumfa ta zuba abinci a farkon 2024. Waɗannan matakai ne na masu iko, kuma kwandunan yara dubu ba za su maye gurbinsu ba. Duk wanda ya fake da darasin yara don ya guje wa nasa aikin, ya zalunce su.

Amma mu duba abin da yaro ke samu idan aka koyar da shi yadda ya kamata. Yakan gane cewa abin da ya jefar bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Ledar da ya saki a bakin makaranta ruwa zai ja ta zuwa fadamar wani, ko ta ƙare a cikin tunkiyar da wata gwauruwa ke kiwo don Babbar Sallah. Wannan shi ne tushen sanin haƙƙi: mutum ya iya tuna wanda ba ya gani. Yaron da ya saba tambayar kansa ina abin da ya fita daga hannunsa zai je, gobe zai yi wa maganarsa da kuɗin da aka ba shi amana irin wannan tambaya. Hana shi wannan ilmi da sunan tausayi shi ma tauye masa haƙƙi ne, tunda shi zai gaji gonar. Saboda haka koyarwar ta dace, amma bisa sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan duk a wuyanmu suke.

Na farko, kada mu yi wa yaro ƙarya. Idan ya yini yana rarrabewa, da yamma kuma ya ga an juye kwandunan uku a rami ɗaya an cinna wuta, darasin da zai ɗauka ya fi rashin darasi muni. Zai koyi cewa doka ado ce da ake fito da ita ranar da baƙi za su zo. A garin Kamikatsu na ƙasar Japan, wanda ya ƙudiri aniyar rabuwa da ƙona shara a 2003, mazauna suna raba shararsu gida-gida da yawa, kuma a wurin tarawa an rubuta inda kowane kashi zai tafi da abin da zai kawo ko zai ci na kuɗi. Mutum yakan jure wahalar da ya ga inda ta dosa. A nan Gubuchi ta fi manyan birane sa'a, domin gona tana bayan makaranta, masu sayen gwangwan kuma suna zagayawa da kansu.

Aikin ma ba mai tsada ba ne. A haƙa rami a inuwa, a shimfiɗa busasshen kara da ganye, a bi da ɓawo da ɗanyen ganye da kashin dabbobi, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a yi ta jerawa haka. Bayan 'yan kwanaki a sa yara su soka sanda a tsakiya su taɓa, za su ji ta da zafi, alamar ƙananan halittu suna cin abin. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku, wato kusan zangon karatu guda, zai zama baƙar ƙasa mai laushi marar wari. A shuka tumatir kunya biyu, ɗaya da takin ɗaya babu, yara su auna tsayinsu duk mako su rubuta. Ranar da mai sayen gwangwan ya zo, a ɗora a sikeli a gabansu, a rubuta kilo da kuɗi a allo, a kuma faɗa musu abin da aka saya da kuɗin, ko alli ne ko sabulu. Masu cewa yaran da ba su iya karatu da lissafi ba ina su ina zancen shara, ga lissafi nan da rubutu da kimiyya a rami guda, ga kuma darasin riƙon amana a kan allo.

Na biyu, kada mu mai da aikin wulaƙanci. A makarantu da yawa, wanda ya makara shi ake sa wa tsintar leda. Da hannunmu muke koya masa cewa taɓa shara horo ne na mai laifi. Daga nan ya tashi yana yi wa ɗan jari-bola kallon banza, alhali abin da muke roƙon yaron ya koya shi ne sana'ar wancan. Gaskiya ne ana samun ɓata-gari a cikinsu, kamar kowace sana'a, amma tukunyar dalma da muke girki da ita da takalmin da aka yanko daga tsohuwar taya suna nuna amfanin masu tsinta. Idan ana so yara su ɗauki aikin da daraja, malam ya naɗe hannun riga ya fara. A yi shi bi da bi, kada a bar wa 'yan mata su kaɗai da sunan shara aikin mace ce, kada kuma a ɗauke wa ɗan mai hali.

Na uku, lafiyarsu amana ce. Fasasshiyar kwalba, tsohon batir, allura, da mazubin maganin feshi, wanda ba ya wuya a ƙasar noma irin wannan, babu hannun yaro a ciki. Makarantar da ba ta tanadi ruwa da sabulun wanke hannu ba, ta fara da wannan tukuna.

Bayan duk wannan, kwando na uku zai ci gaba da cika da baƙar leda da ba ta ruɓewa kuma ba kasafai ake samun mai sayenta a ƙauye ba. Yaro mai wayo zai tambaya: malam, wannan fa? Amsar gaskiya ita ce maganinta a rage karɓarta tun daga kasuwa. Wannan kuwa a gida ake yinsa, ranar da uwa ta ba shi kwano mai murfi ya sayo ƙosai, uba ya rataya jaka ya tafi cefane, aka cika masa gora da ruwa kafin ya fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma yaro ya fi kallon hannunmu a kan sauraron bakinmu. Idan muka cika waɗannan sharuɗɗa, muna da bakin da za mu ce masa ya raba shara. Idan muka gaza, mu fara ajiye kwandunan uku a tsakar gidajenmu, shi zai gani ya koya.