“Duk inda kika so”: kara ce ko gudun nauyi?

Ƴan uwa ɗalibai, ga wata ƙaramar tambaya: in masoya biyu suna da zaɓi gabansu, wanda ya ce “duk abin da kika so” alheri ya yi, ko nauyi ya sauke ma ɗan uwansa?

Mu ɗauki misalin ango da amarya da ke karatu a Rabat, ƙasar Maroko, inda ƴan Nijar da yawa ke zuwa jami'a. Suna da asabar da lahadi da ɗan kuɗin jirgin ƙasa. Birane biyu ke gabansu, Maknas da Fas, a kan layin dogo guda. Jirgi na fara tsayawa Maknas, kuma kafin awa ɗaya ya isa Fas, don tsakaninsu wajen kilomita 60 ne.

A Fas akwai tsohon gari mai lunguna matsattsu inda mota ba ta shiga, da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Amma akwai cunkoso da hayaniya. Maknas ta fi natsuwa. Ita ce babban birnin Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. Can babbar ƙofar Bab Mansur take, kuma kangayen Rumawa na Walili ba su da nisa. Kwana biyu ba su isa a yi duka biyun ba, sai in a guje.

To, sai ango ya ce: “Amarya, duk inda kika so.” Ita kuma ta ce: “A'a maigida, kai dai zaɓa.” Kowa na ganin ya yi kara.

Imam Gazali, cikin littafinsa Tahafut al-Falasifa, ya kawo misalin mutumin da aka aje ma dabino biyu iri ɗaya sak, ba shi iya ɗaukar duka. A ganinsa mutumin zai ɗauki ɗaya, don aikin nufi ke nan: ya fifita abu a kan irinsa. Masoyan namu lamarinsu ma ya fi sauƙi, tunda Fas da Maknas sun bambanta. Kusan kullum zuciya ta riga ta karkata wani wuri. Mai cewa “duk ɗaya ne gare ni” yana da abin da yake so, ɓoye shi ya yi.

Don mi ake ɓoyewa? Don wanda ya zaɓa shi ke ɗaukar laifi. In otel ɗin Fas ya yi tsada, ko ruwan sama ya tare su a Maknas, akwai wanda za a kalla. Wanda ya yi shiru ya tsira: in tahiya ta yi daɗi ya sha daɗi, in ta ɓaci ba shi ne ya ce a zo ba. Wannan wayo ne, ko da mai yinsa bai lura ba.

Wani zai ce: ai an raine mu da kunya da kara, kuma bar ma masoyi abin da yake so alama ce ta ƙauna. Gaskiya ne. Amma ana barin abin da ake da shi ne. Wanda ya ce “ni Maknas nake so don in huta, amma na ga zuciyarki na ga ziyarar Fas, mu tafi Fas” ya yi kyauta ta gaske, kuma zaɓin ya zama nasu su biyu. Sharaɗin kawai, kada ya dawo yana gori.

Sannan nauyin bai zama ɗaya ba. Sau da yawa kuɗin na aljihun namiji, ita kuma an koya mata tun tana ƙarama kada ta nuna kwaɗayi. Shirunta na iya zama kunya. Don haka ya dace ya sake tambaya, ya saurara, ya fara faɗin nasa ra'ayin ba tare da ya maida shi umurni ba.

Yau maganar birni ce, gobe ta garin da za a zauna ce bayan karatu, da wanda zai bar aikinsa don ɗayan. Waɗanda ba su koyi faɗa ma juna abin da suke so a kan tikitin jirgi ba, da wuya su iya ranar da zaɓin ya yi nauyi.