Baƙon Dutse da Amanar Daji

A arewacin Nijar, cikin jihar Agadas, akwai gandun daji na Azbin da Tenere. An keɓe shi a shekara ta 1988, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 77,000. A 1991 Unesko ta sa shi cikin kayan gadon duniya, a 1992 kuma ta lasafta shi cikin waɗanda ke fuskantar hatsari. Wanda ya tashi daga Iferwan da ƙafa ya nufi duwatsun Tamgak yakan wuni bai gamu da kowa ba. To, ƴan'uwa, ga abin tambaya: inda babu mai gani, mene ne ke bisa wuyan matafiyi?

Wani ya ce, "Reshe ɗaya na sara don in dafa shayi. Wa na cuta?" Maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama reshe ɗaya ba ya ƙare daji. Amma a can ruwan sama kaɗan ne, itace yakan daɗe ƙwarai kafin ya kawo inuwa. In kowane baƙo ya ba kansa wannan izini, sai kwari ya koma fili. Mu tuna da itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai yana yi wa ayari alama, har wata mota ta buge shi a 1973. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuwa ƙarfe aka kafa. Ƙarfe ba ya ba da inuwa.

Ashe akwai waɗanda ake cuta, sai dai ba su nan sa'ad da ake yi. Akwai Buzu makiyayi wanda awakinsa ke rayuwa da ganyen itacen. Akwai ragon dutse da barewa waɗanda ke shan ruwan da ya taru a kogon dutse, inda baƙo ya yi wanka da sabulu. Akwai yaran da ba a haifa ba tukuna. Ba ko ɗayansu da zai iya kai ƙara.

Saboda haka ba doka kaɗai ke tsare daji ba, gama ba za a iya sa mai tsaro a kowane kwazazzabo ba. Lamirin matafiyi ne ke tsare shi. In ka je, ɗauki jagora daga mutanen wurin, ka biya shi haƙƙinsa. Ɗebi ruwa da ƙwarya ka yi wanka nesa. Kada ka rubuta sunanka kan zanen da mutanen dā suka bari a dutse. Baƙon kirki yakan bar masauki yadda ya tarar, ko da maigida ba ya nan.