Matar Da Ba Ta Shiga Mutane

'Yan'uwana mata, kusan kowane ƙauye akwai irin matar nan da aka sa wa ido. Wasu su ce miskila ce, wasu su ce ji da kai take don ta yi boko, ko don daga birni aka auro ta. Laifinta kuwa guda ne: ba ta iya zaman tsakar gida a yi ta hira tun azahar har la'asar sakaliya. Da ta sauke tukunya sai ta shige ɗaki ta saki asabari. Har wata tsohuwa ta ce a nemo mata hayaƙi, wai iska ce.

Ni dai ban ga ciwo a nan ba, halitta ce. Tun a 1921 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya rubuta cewa wani mutum hankalinsa waje yake fuskanta, wani kuma ciki. Mu ma ai mun sani tun kafin ya faɗa. Uwa ɗaya uba ɗaya, sai ki ga wannan gidan biki ne ke sa ta walwala, waccan kuwa in ta dawo sai ta kwanta da ciwon kai kamar wadda ta wuni sussuka.

To amma ƙauye ba birni ba ne. A birni kina iya garƙame ƙofa, mai ruwa ya kawo miki har gida, kemis na bakin layi. A ƙauye fa? Wutarki ta mutu, garwashin maƙwabciya za ki ɗebo. Turmi, rariya, babbar tukunyar suna, duk aro ne. Naƙuda ta taso tsakar dare maigida ya tafi cin rani, kafin a taso ungozoma ko a samo mai babur, wa zai riƙe ki? Gobara ta kama danga da hunturu, iska na kaɗawa wajen rumbu, wa zai fito da tulu? Baba ta Karo, tsohuwar nan da ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance suna kai wa juna gudummawa ranar biki da suna. Har gobe haka abin yake: abin da kika kai, shi za a tuna ranar naki. Wadda ta yanke wannan igiya ba kanta kaɗai ta cuta ba, har 'ya'yanta, domin ranar auren 'yarta za a ga tabarmi ba kowa.

Shin ke nan dole ta kashe halinta ta zama 'yar hira? A'a. Mun cakuɗa abu biyu ne, haƙƙi da hira. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya lissafa haƙƙoƙi 6 tsakanin musulmi: sallama, amsa gayyata, nasiha, addu'a ga mai atishawa, duba marar lafiya da raka gawa. Ki duba da kyau, babu zaman gulma a ciki. Kuma tsakani da Allah, rabin hirar tsakar gida naman mutane ne: wance mijinta ya yi mata zane, wance kishiya ta mallake gida. Wadda ta kauce wa wannan ban ga abin zarginta ba.

Inda nake rabuwa da ita shi ne in ta mai da "halina ne" ya zama bargon rufe raini. Gane su ba wuya. A yi rasuwa a maƙwabta, mai son kaɗaici za ta yafa mayafi ta je, ko da gefe za ta rakuɓe da carbinta ba ta ce uffan ba. Mai raini kuwa yaro za ta aika.

Mai shirun kirki tana da dabarunta. Tana gaishe ki ta saman katanga da safe, ta tambayi jikin yaro. In ta yi dambu ta zuba a kwano ta ba 'yarta ta miƙa. Barka kuwa da sassafe take zuwa kafin ɗaki ya cika, ta ɗauki jariri, ta ajiye sabulunta, ta koma. Su ma maƙwabta da uwar miji ya kamata su karɓi wannan a hannunta, su daina ƙirga mata mintocin da ta zauna. Sau da yawa ma in asirin wata ya tashi neman wurin ɓuya, ɗakin mai asabarin nan ake nufa, don an san ba a jin magana a bakinta.